Sanƙarau ba a kwana da shi a gida: yadda za ka gane shi da abin da za ka yi

Wata Talata ce cikin watan Afrilun 2017, irin zafin nan na Sakkwato da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa, ƙanwata ta kira ni bayan la'asar ta ce, "Yaya, yaron ga jikinai ya yi zahi tun daren jiya, shina ta kukan kai, an kai shi kemis an yi mai allurar maleriya amma yanzu ga amai." Ni kuma ina kasuwa hankalina na wani wuri, sai na ce mata a ba shi farasitamol mu gani zuwa safe. Wannan "mu gani zuwa safe" ɗin har yau in na tuna da ita sai na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Da dare ya fara sambatu yana rufe ido in an haska fitila, Inna ta ce ai wannan iska ce anka yi mai tofi anka yi hayaƙi, da asuba ya fara jijjiga. Lokacin da munka isa asibiti likitan bai ko zauna ba, hannu kawai ya sa ƙarƙashin ƙeyar yaron ya ɗaga, wuyan ya ƙi lanƙwasawa sai kafaɗun sunka taso gaba ɗaya kamar an ɗaga katako, ya dube ni ya ce, "Malam, mi yah hana ku kawo shi tun jiya?" Ban da amsa. Yaron ya rayu alhamdu lillahi, shekararsa shida lokacin, amma kunnensa na hagu ya tafi kenan. Kwanakin da na yi ina jinyarsa da tambaye-tambayen da na addabi nas-nas da su, da abin da na bi na karanta daga baya, su ne zan zuba muku a nan.

Shi sanƙarau kumburi ne na wani tantani mai laushi da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar da ke bin ƙashin baya. Abubuwa da yawa na iya kawo shi, akwai na bairos wanda galibi yake da sauƙi, amma wanda ke kashe mana mutane shi ne na bakteriya, kuma manyan masu laifin uku ne: maningokokas, shi ne mai tashin annoba ya cinye ƙauye, sai nimokokas wanda kuma shi ke kawo ciwon huhu, sai wata da ake ce wa Hib mai kama ƙananan yara. Abin da zai ba ka mamaki, kusan mutum ɗaya cikin goma na yawo da maningokokas a maƙogwaronsa lafiyarsa lau bai san yana da ita ba, in ya yi tari ko atishawa ko kun sha ruwa moɗa ɗaya ko kun kwana ɗaki ɗaya sai ya ba ka. Daga shigarta zuwa bayyanar ciwo kwana biyu ne zuwa goma, yawanci wajen huɗu.

To me ya haɗa shi da zafi? Mutanenmu na cewa zafi ke kawo sanƙarau, ba su yi ƙarya duka ba amma ba zafin ne da kansa ba. Muna cikin wani zirin ƙasashe 26 ne da ya taso daga Sanagal har Habasha wanda annobar ke yawan tashi daga Disamba zuwa Yuni. Iskar hunturu da ƙura su busar da hanci da maƙogwaro su tsattsage shi, ka ga ai lokacin ne yara ke yawan haɓo, to ta waɗannan 'yan tsage-tsagen ƙwayar ke samun ƙofa ta faɗa cikin jini ta haye kai. Ga kuma sanyi ya sa an cunkushe ɗaki ɗaya an toshe taga da tsumma. Shi ya sa abin ke tsananta Maris da Afrilu, ruwan farko na sauka kuma sai ka ji ya lafa.

Yanzu maganar gane shi, nan ne nake son a natsu. Ga babba ko yaron da ya iya magana: zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai irin wanda mutum zai ce bai taɓa jin kamarsa ba, amai, ƙin haske, wuya ya sandare, ruɗewa ko sambatu ko barcin da in ka tashe shi sai ya koma, sai jijjiga. Gwajin wuyan ba wuya, kwantar da shi rigingine ba matashi, sa hannunka ƙarƙashin ƙeyarsa ka ɗago kan a hankali kamar kana son haɓarsa ta taɓa ƙirji. Mai lafiya ko mai maleriya zai lanƙwasa ko da yana ciwon jiki, mai sanƙarau wuyan zai ƙi, ya yi ƙara, wani ma za ka ga gwiwoyinsa sun naɗe da kansu. Amma don Allah kar ka ce sai ka ga wuya ya sandare sannan za ka tashi, sau da yawa shi ne ke zuwa daga baya, wani ma har ya mutu wuyan bai sandare ba. Akwai kuma wata alama da mu baƙaƙen fata muke yawan kuskurewa, wato ƙananan ɗigo-ɗigo ja ko masu duhu kamar an tsira allura, in sun yi yawa su zama kamar kwanciyar jini. Duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido da dasashi, nan sunka fi fitowa a jikinmu. Ɗauko tambulan na gilashi ka danna gefensa a kan ɗigon, in kana hango su ta cikin gilashin ba su dushe ba, to ƙwayar ta shiga jini ne, ko takalmi kar ka tsaya nema. Haka in jiki zafi rau amma hannu da ƙafa sanyi ƙalau kuma yaro na kukan ƙafafu.

Jarirai nasu daban ne kuma shi ya fi ban tsoro don ba za su ce maka kai na ciwo ba. Uwa, in jaririnki ya ƙi nono, yana wani kuka mai tsini da ba ki saba ji ba, in kin ɗauke shi kukan ya ƙaru maimakon ya lafa, ko ya yi laƙwas kamar tsumma ko ya riƙa banƙarewa, to ki zaunar da shi lokacin da ba ya kuka ki shafa maɗigarsa. In kin ji ta taso ta yi tauri kamar ganga, wannan ba ta shafa mai ko ɗaura magani ba ce. Kuma jinjirin da bai kai wata uku ba duk zazzaɓin da ya yi na asibiti ne, wani ma jikin ba zai yi zafi ba sai dai ya yi sanyi.

Wani abu da nake son kowa ya riƙe: mu nan maleriyarmu ta damina ce, Agusta zuwa Oktoba take tashenta. Don haka zazzaɓi mai zafi da ciwon kai a tsakiyar Maris ko Afrilu, lokacin da ko sauro ya sha wuya, bai kamata a yi saurin ce masa maleriya ba. Kuma ko an yi gwajin nan na ɗan yatsa ya nuna akwai maleriya, wannan bai wanke sanƙarau ba, mutum na iya ɗaukar duka biyun. Mu abin da ya yaudare mu kenan, allurar kemis da farasitamol sunka ɗan sauke zafin na awa biyu munka ɗauka sauƙi ne ya samu.

To ka yi zargi, sai me? Sai asibiti, a wannan sa'ar, ko ƙarfe biyun dare ne. Ciwon ga na iya kashe mutum cikin awa 24, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin duk mutum shida da sunka kamu da na bakteriya ɗaya na mutuwa, ɗaya cikin biyar kuma na tashi da wata naƙasa, in ba a yi magani ba kuwa na maningokokas na iya ɗauke rabin waɗanda ya kama. In kana cikin gari ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Asibitin Ƙwararru, ga na mata da yara na Maryam Abacha. In kana Gada ko Tangaza ko Kebbe ko Isa, nufi babban asibitin ƙaramar hukuma ko duk wanda ya fi kusa, kar ka ce sai birni, gara a fara allura kusa sannan a tura ku gaba. Kana isa kar ka bi layi kana kunya, faɗa wa nas da bakinka, "ina zargin sanƙarau ne", ka faɗi yaushe ya fara da duk abin da anka ba shi, har na kemis har na gargajiya, ba wanda zai kama ka, likita na buƙatar sani ne don maganin da anka sha na iya ɓoye ƙwayar a gwaji.

A hanya in ya fara jijjiga, kwantar da shi ta gefe, sassauta masa riga, ka kawar da abin da zai buge. Kar a cusa cokali a baki, kar a ɗura manja ko ruwan rubutu ko wani jiƙo, wanda ba ya cikin hayyacinsa in ka ɗura masa abu huhu yake tafiya. Kar a kara ƙafarsa a wuta. Kuma ban da ɗora marar lafiya irin wannan a kabu-kabu shi kaɗai bayan direba, a samu keke ko mota ko a sa wani ya riƙe shi ta baya. Addu'a kuwa ba wanda ya hana, yi ta tofa masa a cikin motar kuna tafiya, ni abin da na ƙi shi ne a zauna gida ana jiran malam ya zo da safe.

Sai babbar rigimar, ɗibar ruwan baya. Ranar da likita ya ce za a ɗebi ruwan bayan yaronmu Inna ta kama hannuna ta ce, "Kak ku bari su tsiyaye mai ruwan baya, shi ka sa yaro shi gurgunce." Kuma ba ita kaɗai ba, na ga wani uba ya ɗauke ɗansa cikin dare saboda wannan tsoron. Ni na tsaya na gani da idona don haka bari in faɗa muku yadda ake yi. Ana kwantar da yaro ta gefe a naɗe shi gwiwa zuwa ƙirji, a wanke ƙasan bayansa da magani, a sa siririyar allura tsakanin ƙasusuwa biyu can ƙasa daidai ƙugu, wurin da ita lakar ma ba ta kai ba don ta ƙare tun sama da nan, a tari ɗan ruwa kaɗan a 'yar kwalba wanda jiki ke mayar da shi cikin 'yan awoyi. Na mai lafiya garau yake kamar ruwan pampo. Na yaronmu da anka ɗaga shi a haske fari-fari ne kamar ruwan da anka wanke shinkafa, nan take na san ba iska ba ce. Da wannan ruwan ake gane wace ƙwaya ce, wane magani zai ci ta, kuma da shi hukuma ke sanin wace irin rigakafi za a kawo yankin. Su yaran da ake cewa sun gurgunce bayan ɗibar ruwa, ciwon ne ya riga ya yi ɓarnarsa kafin a kawo su, allurar ce kawai ta zo a daidai lokacin ta kwashi laifi. In marar lafiya ya yi nisa sosai likita da kansa na iya ɗaga ɗibar ya fara magani tukuna, wannan shawararsa ce.

Maganin allura ce ta jijiya ko ta tsoka, ba ƙwaya ba, wanda anka fi amfani da shi yanzu shi ne seftiriyazon, a jikin kwalbar za ka ga an rubuta ceftriaxone. Lokacin annoba kwana biyar ake yi, in ba annoba ba yakan kai mako ɗaya zuwa biyu ko fiye gwargwadon ƙwayar da shekarun marar lafiya, ga ƙarin ruwa ga maganin jijjiga in ta kama. Kwana biyu uku za ka ga ya buɗe ido ya nemi kunu, to nan shaiɗan ke zuwa da maganar kuɗin gado da gona da "ai ya warke mu ƙarasa a gida". Kar ka yarda, a cika alluran nan. In kuɗi ne matsalar tambayi ma'aikatan, lokacin annoba sau da yawa akan ware wuraren da ake ba da maganin kyauta. Kuma kar ka sayo allurar a kasuwa ka sa yaron kemis ya riƙa yi a gida, awon ya danganta da nauyin jiki kuma jabu sun yi yawa.

Mutanen gida fa? Duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ko ya yi ta ɗawainiya da majinarsa da amansa a kwanakin nan, a gaya wa likita, in maningokokas ce akan ba su maganin kariya, yawanci sifro ƙwaya sha ɗaya tak, mai ciki kuma a yi mata allura maimakonsa. Wannan ma ba na sayowa da ka ba ne. A sa ido kan kowa na kwana goma, wanda ya yi zazzaɓi a tafi da shi. Shi kuma marar lafiyar da ya yi awa 24 kan allura ya daina yaɗawa, don haka ba dalilin gudunsa ko ƙyamar gidansu. 'Yan dubiya dai a rage, mun san halinmu, unguwa guda sai ta taso ta cika ɗaki. In ka ga mutum biyu uku a unguwa ko tsangaya ko makarantar kwana sun kwanta da irin wannan cikin mako ɗaya, gaya wa mai unguwa da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko ka kira 6232, lambar NCDC ce, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, kuma kyauta ce.

Rigakafi kuwa sai na ɗan koma baya don a fahimci abin da ke rikita mutane. A 1996 Najeriya ta ga annobar da ta kama sama da mutum 100,000 ta kashe fiye da 11,000, kuma a shekarar ce kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara wajen 200, wajen rabinsu ne anka ba shi, abin da ya jawo shari'a ta shekaru ya kuma bar mana tabon rashin yarda har yau. Tsoron mutane yana da tushe, ban raina shi ba. Sai dai a sani shi Trovan maganin jinya ne da ake gwadawa, ba rigakafi ba ne. Ita maningokokas dangi-dangi ce, akwai A, B, C, W, X da Y. A ce ke yi mana kisan kiyashi a da, sai anka kawo allurar MenAfriVac, ta fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta shigo arewacin Najeriya daga 2011 anka yi wa 'yan shekara 1 zuwa 29, kuma gaskiya ta yi aiki don A ta kusa ɓacewa gaba ɗaya. Ana murna sai ga wani sabon nau'in C ya ɓullo nan yankinmu na Sakkwato da Kabi tun 2013, ya ƙetara Nijar a 2015, sannan ya yi babbar ɓarna daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017, ya faro daga Zamfara ya kama sama da mutum 14,000 ya kashe fiye da 1,100, cikin waɗanda ya kama har da namu. Shi ya sa za ka ji mutum na cewa ai an yi wa ɗana allurar sanƙarau kuma ya kamu, allurar banza ce. Ba banza ba ce, ta A anka yi masa, C ta kama shi, kamar ka kulle ƙofar zaure ne ɓarawo ya hauro ta katanga. Yanzu akwai sabuwa, Men5CV, mai tare biyar a allura ɗaya, A, C, W, Y da X, kuma Najeriya ce ƙasar farko a duniya da ta fara amfani da ita a Maris 2024. In ka ji an shigo garinku da ita, kai da kanka ka tasa yaran gaba har da almajiran da ke zauren gidanku da matasan da ke ganin sun girmi allura, don su ne ma ciwon ya fi so. Tana ɗaukar kamar kwana goma zuwa mako biyu kafin ta fara kariya, ɗan kumburin dantse da ɗumin jiki na kwana ɗaya ba komai ba ne.

Sai ta yau da kullum wadda ba a jiran annoba. Ɗauko katin rigakafin yaronka yanzu ka duba: Penta sau uku da PCV sau uku, a mako 6 da 10 da 14, ta farkon ce ke tare Hib ta biyun ke tare nimokokas, sannan a wata 9 akwai Men A tare da ta ƙyanda da ta shawara. Duk kyauta ne a asibitin gwamnati. In akwai gurbin da ba a cika ba kai shi ko ya wuce lokacin, su za su san inda za a ɗora. Maniyyata kuma allurar sanƙarau da Saudiyya ke wajabtawa ba ta cika takarda ba ce, an tsananta ta ne bayan nau'in W ya ɓarke a Hajjin 2000 da 2001 alhazai sunka koma da shi ƙasashensu, don haka masu sayen katin ba tare da an tsira masu allurar ba kansu suke cuta, a yi ta aƙalla kwana goma kafin tashi.

Sauran na gida kowa ya sani, sai dai yi. A buɗe tagogi iska ta ratsa, a rage cunkoso in da hali, lokacin zafi a kwana tsakar gida cikin gidan sauro ya fi a cushe mutum goma ɗaki ɗaya ba Nepa. A rufe baki in za a yi tari, a wanke hannu da sabulu, ranar da hazo ya yi yawa a rufe hanci, a yayyafa ruwa kafin shara, hayaƙin icce da na taba a nisanta shi da yara don shi ma yana ƙona maƙogwaro. Malaman tsangaya ku ne abin ya fi shafa, ɗaki ɗaya yaro talatin, ɗaya na kamuwa sai Allah.

Bayan an sallame ku kar a ce an gama. Nemi a yi wa yaron gwajin ji cikin wata ɗaya, kar a jira, don in kunne ya taɓu akwai taimakon da sai da wuri yake yiwuwa. A lura da tafiyarsa, ganinsa, maganarsa, ko yana yawan mantuwa ko fushi, ko jijjiga ta dawo, jariri kuma a lura ko kansa na girma fiye da kima. Mu ba mu san da wannan ba, sai bayan wata huɗu da malaminsu na allo ya yi ta dukansa wai yana kiransa yana yin banza da shi, sannan ƙanwata ta lura kullum sai ya juyo da kunnen dama in ana magana. Yanzu ya zama saurayi yana sakandare, mun roƙi malamansa suna zaunar da shi layin gaba ta ɓangaren hagu na aji don kunnen mai ji ya fuskanci malami, kuma in za ku tsallaka titi tare da shi sai ka riƙa tafiya ta damansa.